Yadda Darasin Sankarar Mama Ya Kusa Raba Ni Da Aikina

Shekarun baya, lokacin ina koyar da bayoloji a wata sakandaren 'yan mata a cikin birnin Zariya, aka aiko da umarni daga sama cewa lallai kowace makaranta ta riƙa wayar wa ɗalibai kai a kan ciwon daji, wato kansa. Umarnin ba shi da laifi. Matsalarsa ɗaya, haka ya zo hannu rabbana: ba littafi, ba gurbi a jadawali, ba wanda ya ce ga yadda za a yi. Shugabar makarantarmu ta karanta mana shi a ɗakin malamai, ta ɗaga kai tana neman wanda zai ɗauka, kowa ya sunkuyar da kai. Malamin lissafi ya ce shi lambobi kaɗai ya sani. Malamar Hausa ta tuna tana fama da ciwon kai tun safe. Ni kuwa a daidai lokacin bakina cike yake da ƙosai, kafin in haɗiye har an rubuta cewa malamar bayoloji ta amince.

Aka tura ni bita a wani zauren taro a unguwar Kongo, nan cikin Zariya. Na tafi ina gunaguni, amma gaskiya na ƙaru. Wata likita ce ta fi tsaya mini a rai. Ta ce abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne mata ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya gama cin jiki, alhali da an zo da wuri da yawa ana shawo kansa. Ta ce su likitoci ba za su iya shiga kowane gida ba, amma 'yan matan da muke koyarwa kullum cikin gidajen suke kwana. Ta nuna mana alamomin da ake dubawa da yadda mace za ta duba kanta. Na baro Kongo da zafina, ina jin kamar ni kaɗai zan fatattaki ciwon daga ƙasar Zazzau kafin hutun ƙarshen zango.

Na tsara darasi tsaf, na kai wa shugaba ofis. Ta karanta, ta cire tabarau, ta yi ajiyar zuciya.

"Malama, aiki ya yi kyau. Amma wannan kalmar ba za ki faɗe ta a aji ba."

"Wace kalma, Hajiya?"

Ta nuna ƙirjinta da biro.

"Mama?"

"Subhanallahi! Ki rage murya mana, taga a buɗe take. Ki ce ƙirji."

"To na bakin mahaifa fa?"

"Wannan ki bar musu shi sai sun yi aure."

Na ce, "Hajiya, ta yaya zan koyar da ciwon wuri ban ambaci wurin ba?"

Ta ce, "Ke yarinya ce. Nan cikin ganuwa muke. Ni saura kaɗan in yi ritaya, kuma so nake in fita ta ƙofar da na shigo, da mutuncina."

Kada ku ɗauka muguwar mace ce. Ta ga jiya ta ga yau, ta san garin da take aiki a cikinsa. Amma a ranar ji na yi kamar in ɗora hannu a ka in kurma ihu.

Haka na shiga aji na koyar da "ciwon daji na ƙirji". Na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aron tukunya a gidan da ba a shiri. In ce "wurin nan", in ce "ɓangaren nan", yara suna gyaɗa kai suna rubutu. Da na ba su gwaji na tattara takardu, nan na gane irin aika-aikar da na yi. Wata ta rubuta cewa alamomin ciwon su ne tari da majina. Wata ta ce rigakafinsa a riƙa sa rigar sanyi, a daina shan ruwan firij. Wadda ta ƙarasa ni ita ce wadda ta rubuta, da kyakkyawan rubutunta, cewa ciwon daji yana kama mutanen da ke yawan shiga daji yin itace, don haka mu na cikin birni Allah ya tsare mu. 'Yan aji shida fa, waɗanda ke shirin rubuta jarrabawar fita.

Na kira wata ƙawata nas na karanta mata amsoshin ta waya, ina tsammanin za ta taya ni baƙin ciki. Dariya ta yi har tana tari. Ta ce, "To ke da kika ce musu ƙirji, me kike so su rubuta? Ai yaran sun ci jarrabawa, malamar ce ta faɗi."

Maganar ta yi mini zafi saboda gaskiya ce. Washegari na shiga ajin, na sa aka rufe ƙofa da tagogi, na ɗauki alli na rubuta SANKARAR MAMA da manyan baƙaƙe a kan allo. Nan take aka fara ƙus-ƙus, wasu suka ja hijabi suka rufe fuska. Na ce su gama dariyarsu ina jira. Da suka gama na yi musu bayani dalla-dalla: ƙullutun da ba a saba ji ba, fatar wurin ta yi ramuka kamar ɓawon lemo, kan maman ya shige ciki, ko wani ruwa ko jini ya riƙa fita. Na ce sau da yawa ba ya zafi da farko, shi ya sa ake raina shi. Na ce su faɗa wa iyayensu mata da yayyensu da gwaggonninsu. Kuma, Allah shi ne shaidata, na nanata musu cewa yawancin ƙullutu ba kansa ba ne, musamman a shekarunsu. Na faɗa, na sake faɗa. Ashe wannan ɓangaren ta bayan kunne ya bi.

Da safe ina isowa makaranta na tarar da layi a ƙofar ɗakin malamai. 'Yan mata, idanu jajir, kowacce ta duba kanta ta ji wani abu. Wata har ta raba wa ƙannenta 'yan kunnenta da gyalenta, ta bi mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara. Na tsaya riƙe da jaka ban san dariya zan yi ko kuka ba. Na roƙi ƙawata nas ta zo, muka samu ɗaki muka rufe, ta duba waɗanda hankalinsu ya fi tashi. Babu wadda aka samu da wani abin tsoro, girma ne kawai da kumburin lokacin al'ada. Mai rabon 'yan kunne ta koma gida karɓo kayanta, aka ce ƙannen sun ƙi bayarwa.

Amma kafin nan magana ta riga ta fita, kuma kun san yadda zance ke ƙiba in ya bi lungunan birni. A bakin makaranta, na koya wa yara maganar da ba ta dace ba. Kafin ya kai kasuwa, na sa sun tuɓe riguna a aji. Da ya iso unguwarmu a Ƙofar Kuyambana, Turawa ne suka ɗauke ni aiki, nas ɗin da na kawo kuma allurar hana haihuwa ta yi wa yaran. Matar da nake sayen kayan miya a wurinta tun ina amarya, na yi mata sallama ta amsa tana kallon tattasai.

Sai mahaifiyata ta aiko in zo. Gidanmu na Limancin Kona, gidan malamai ne tun kakanni. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, ko amsa gaisuwata ba ta gama yi ba ta fara.

"Ke yanzu duk bokon da kika yi, abin da kika ga ya dace ki tsaya gaban 'ya'yan mutane ki faɗa ke nan? Ubanki malami, kakanki malami. Jiya a gidan suna sai da na rasa inda zan sa fuskata."

Na ce, "Inna, a littattafan da Baba ya karantar da mu a zauren nan, me aka ɓoye? Haila, biƙi, wanka, duk da sunansu aka kira su."

"Wannan addini ne."

"Wannan kuma rai ne, Inna. Mata mutuwa suke yi saboda ɓoyo."

Ban taɓa ganin fuskarta ta canja irin na ranar ba. Ta ture farantin shinkafar, ta ce, "Ke za ki gaya mini mutuwa?" Ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Na zauna ina jira, ba ta fito ba. Na koma gida ina ta mita a cikin keke napep, har direban ya waiwayo ya tambaya ko da shi nake.

Aka kira taron iyaye da malamai na gaggawa. Irin taron da a da sai an yi ta roƙo kafin mutum goma su zo, ranar har tsaye aka yi. Maza a gaba, mata 'yan kaɗan a can baya. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya miƙe ya ce su karatu suka kawo 'ya'yansu, ba buɗe ido ba, kuma 'yarsa kwana ta yi tana kuka, wa zai biya shi wannan? A nan kam yana da gaskiyarsa, ban musa ba. Na ɗaga hannu in yi bayani, shugaba ta taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Wani dattijon malami ya nemi izini ya ce a saninsa addini bai hana neman magani ba, kuma ba a jin kunya wajen neman sanin abin da zai tsare lafiya. Aka ce, "Gaskiya ne, Allah gafarta Malam," aka jira ya zauna, aka ci gaba da hayaniya daga inda aka tsaya.

Ƙarshenta aka dakatar da darasin, aka ba ni takardar tuhuma, aka ɗauke ni daga aji shida aka mayar da ni ajin 'yan shekarar farko. Wasu sun so a kore ni ma gaba ɗaya, shugaba ce ta roƙa. Abin da ya fi ƙona mini rai, umarnin nan na sama yana nan daram ba a janye shi ba. Da masu duba makarantu suka zo suka tambaya ko ana koyar da darasin kansa, aka ce musu ƙwarai kuwa, har bita an tura malama. Suka yaba, suka sha lemo, suka tafi. Na sama sun ce dole a koyar, na ƙasa sun ce kul, ni ce a tsakiya kamar gyaɗa a turmi.

Na yi rantsuwa a zuciyata ba ni ba maganar kansa har abada. Kowa ya ji da jikinsa.

Ana nan, wata Asabar bayan la'asar ina wanki, na ji sallama. Ɗaya daga cikin 'yan aji shidan nan ce, yarinya mai shiru wadda ke zama a layin baya, tare da mahaifiyarta. Ina ganinsu na ce to, an biyo ni har gida. Na goge hannu, na gyara tsayuwa, na shirya jawabin da aka hana ni yi a taro, har na fara: "Hajiya, kafin ki ce komai..."

Matar ta ce a hankali, "Malama, ko za mu shiga daga ciki?"

Muka shiga ɗaki. Ta sa 'yar ta tsaya a bakin ƙofa, ta zauna a gefen gado, ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Sannan ta buɗe ta nuna mini. Duk jawabina ya gudu. Ƙullutu ne mai tauri a gefen hagu, fatar samansa ta fara 'yan ramukan nan da likita ta nuna mana a hoto. Ta ce da farko kamar ƙwayar gyaɗa yake, yanzu ya kai goro. Ba ya mata ciwo, shi ya sa ba ta damu ba. Wani mai magani ya ba ta na shafawa da na sha. Rannan tana cikin shafawa yarinyar ta shigo, ta tsaya ta ƙura ido, sai ta fashe da kuka ta ce, "Umma, wallahi wannan shi ne abin da Malama ta faɗa." Tun ranar ta hana ta sakat.

"Shi ne na ce bari in zo ki duba, ki gaya mata ba shi ba ne, ta bar ni in huta."

Na ce, "Hajiya, ni ba likita ba ce, ba zan iya cewa shi ne ko ba shi ba ne. Amma wannan na asibiti ne, kuma ba na jibi ba."

Ta girgiza kai. "Malam ba zai yarda ba. Ai kin san daji ba ya son ƙarfe. Da an taɓa shi da allura ko wuƙa, shi ke nan ya fusata."

Wannan magana na sha jin ta, amma ban taɓa jin ta daga bakin wadda abin ke jikinta ba.

Washegari na ja maigidana muka je wurin mijin. Mai aikin babbar riga ne, a zauren gidansu yake ɗinki. Na tafi da shirin haɗuwa da mutum mai taurin kai, sai na tarar da mutum mai sanyin hali, ya shimfiɗa mana tabarma, ya aika a kawo ruwa. Ya saurare ni har na gama zazzage duk abin da na kwaso a bita. Sannan ya soke allurarsa a jikin rigar ya ce:

"Malama, na gode da kulawa. Amma ni ba labari aka ba ni ba. Mahaifiyata irin wannan ciwon ta yi. Da ƙafarta ta shiga asibiti, ni na riƙe mata jaka. Aka yi mata aiki. Ba ta sake tashi ba, ko wata uku ba a rufa ba muka kai ta makwancinta. Yanzu ki ce in ɗauki uwar 'ya'yana in kai ta wurin da na kai uwata?"

Na ce wataƙila an makara ne a lokacin. Ya ce ba a makara ba, tana faɗa musu suka kai ta. Na kawo misali, na kawo hujja, har muryata ta fara tashi, maigidana yana ta yi mini gyaran murya. Mutumin bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. "Na gode, Malama," kawai yake cewa. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na koma gida na huce a kan yarana da ba su san hawa ba su san sauka ba.

Bayan kwana biyu na je gidanmu. Ba taimako na je nema ba, mita na je yi, don duk fushin da mahaifiyata ke yi da ni ba ni da wurin kai ƙara sai wurinta. Na zauna ina ta zuba, tana jan carbi ba ta ko kallona. Har na ce, "Kuma Inna kin ma san gidan. Ɗan marigayiya ƙawarki ne, ta bayan masallaci, mai aikin riguna."

Carbin ya tsaya.

"Matarsa ce ba lafiya?"

"Ita ce."

"A ina?"

Na nuna mata. Ta ajiye carbin a gefe. Can ta ce, "Ɗauko mini mayafina."

Mahaifiyata ba mai yawan fita ba ce, gwiwa ta dame ta. Amma ranar da ƙyar nake cim mata a cikin lungu. Muna isa zauren, mutumin ya ajiye ɗinki ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, ke ce da kanki? Ai da aikowa kika yi in zo."

Ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafa. Ta ce, "Zauna, ɗana. Akwai amanar da na riƙe tun kana saurayi, yau zan sauke ta, Allah ya yafe mini, ita ma ya yafe mata. Ka ce uwarka tana faɗa muku kuka kai ta asibiti?"

"Haka ne, Inna."

"Ba haka ba ne. Ciwon nan ya yi shekara da shekaru a jikinta kafin ku ji. Ni ta fara nuna wa, yana ɗan ƙarami. Ta ce in rufa mata asiri, kada 'ya'yanta maza su ji irin wannan magana a kanta. Na rufa. Ya girma, na rufa. Ya fashe, na rufa. Duk zuwan da kake gani ina yi gidan nan da hantsi, kana cewa Inna an zo hira, ba hira nake zuwa ba. Wanke mata wurin nake yi da ruwan ɗumi, in ɗaure, in turara ɗakin don kada ku ji wari. Sai da ta kasa ɗaga hannu sannan ta yarda a gaya muku. Ranar da ka riƙe mata jaka, babu abin da ya rage wanda wuƙa za ta ɓata. Ba ƙarfe ne ya ci uwarka ba. Kwananta ne ya ƙare, amma shirun da muka yi ni da ita, shi ne sababi."

Mutumin ya sa hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Ni kaina ban taɓa jin wannan labari ba, kuma sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ta ture farantin shinkafa.

Ta ce, "Na yi shiru sau ɗaya, na ga abin da ya haifa. Ka ɗauki yarinyar nan ka kai ta tun ana iya yi mata wani abu."

Bai ce komai ba sai, "To, Inna."

A hanyar komawa ina tafe ina jin kaina ya yi girma, ina jiran ta ce ashe ni ce da gaskiya. Sai da muka kusa gida ta ce, "Kada ki ɗauka na yarda da abin da kika yi a aji. Kin tashi hankalin 'ya'yan mutane. Da kina da wayo, iyayensu mata za ki fara tarawa, su ji daga bakinki kafin su ji daga bakin yara." Abin haushin, tana da gaskiya.

Ranar Litinin mijin ya kai matar babban asibiti, ƙawata nas ta nuna musu inda za su bi. Aka ɗebi ɗan nama aka gwada, aka tabbatar shi ne. Likita ta ce ba a zo da wuri ba, amma ba a makara ba. Aka yi aiki aka cire maman, aka shiga ba ta maganin nan mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya. Ba zan yi muku ƙarya ba, ta sha wuya. Gashinta ya zube, ta rame, akwai lokacin da ta ce ita a bar ta haka ta gaji. 'Yan uwa suka yi ta zuwa suna cewa ai dama an faɗa. Mijin ne ya tsaya, shi da ya fi kowa tsoro. Yarinyar kuma tana jinya tana karatun jarrabawa, ta kuma ci. Matar tana nan da ranta har yau, ta yi ƙiba ma, ta aurar da 'ya'ya, tana goyon jikoki.

Darasin kuwa, a shekarar da ta biyo baya ya dawo a hankali. Na bi shawarar mahaifiyata, na fara da iyaye mata a wata islamiyyar matan aure, ƙawata nas ta yi bayani, aka yi tambayoyi har aka kusa rasa sallar magariba. Da aka zo koya wa yara, ba wanda ya ce uffan. Ba kuma wanda ya zo ya ce Malama yi haƙuri. Waɗanda suka ce Turawa sun saye ni, su ne suke tare ni a gidan biki su ja ni gefe suna raɗa, "Malama, dama akwai wata 'yar tambaya."

Mutane in na ba su labarin nan sukan ce ai sai godiya, ƙarshe ya yi kyau. Na gode wa Allah, ƙwarai. Amma in gaya muku gaskiya, har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Rayuwar baiwar Allah nan ta rataya ne a kan sa'a: a ce malama ta yi taurin kai ta karya doka, a ce yarinyar layin baya tana saurare, a ce tsohuwa ta yarda ta tona abin da ta binne. In ɗaya ya kuskure fa? Mata nawa ne a lungunan nan da ba su samu wannan haɗuwar ba? Abin da ya kamata a ce kowace yarinya ta fita sakandare da shi kamar yadda take fita da karatun agogo, shi ne muke yi wa rowa, muna kiran rowar da suna kunya. Na yarda akwai yadda ake faɗar magana, wannan na koye shi da wuya. Amma a gyara yadda za a faɗa daban, a hana faɗa daban.

Kwanakin baya na je gaishe da matar nan da aka yi wa aiki, muna hira take gaya mini ai ita ma ta gama sakandare kafin aure, kuma bayoloji ne darasin da ta fi so. Ta ce har yanzu in aka ba ta takarda za ta zana kyankyaso ta sa wa kowace gaɓa sunanta, kai da ciki da ƙafafu da gashin baki. Ta yi dariya, na taya ta. Amma da na fito na hau keke, dariyar ta ɗauke. Mun koya wa mace jikin kyankyaso har ta haddace, ba mu koya mata nata ba.

Don Allah yau in 'yarki ta dawo daga makaranta, bayan kin tambaye ta ko ta ci abinci, ki tambaye ta me aka taɓa koya mata game da lafiyar jikinta. In ta ce ba komai, kada ki jira makaranta. Ki ja ta ɗaki, ki rufe ƙofa, ki fara da kanki. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka tafi da ciwonsu a ɓoye.